Sarkin Yawa da Sarkin Ƙarfi: Su Wa Suka Cancanci Rera Bakandamiyar Beethoven?

Idan watan Disamba ya kama, mutum 10,000 kan hallara a wani makeken zaure da ke birnin Osaka na ƙasar Japan. Maza da baƙaƙen kwat, mata da fararen riguna, su jeru sahu bisa sahu tun daga ƙasa har can kusa da rufi. Wanda bai sani ba zai ɗauka 'yan kallo ne, alhali su ne mawaƙan. A cikinsu akwai ma'aikatan ofis, matan aure, ɗalibai da tsofaffin da suka daɗe da ajiye aiki. Kafin wannan rana kowannensu ya shafe watanni yana zuwa darasi bayan an tashi daga aiki, ya biya kuɗin shiga daga aljihunsa, ya kuma haddace baitoci da Jamusanci, harshen da akasarinsu ba sa ji. Tun 1983 aka fara wannan taro, kuma abin da ke tara su bai taɓa sauyawa ba: Simfoni ta Tara, bakandamiyar Ludwig van Beethoven.

A birnin Balin na Jamus kuwa akwai wata ƙungiyar mawaƙa ta gidan rediyo da aka kafa a 1925. Su sittin ne da 'yan kai. Kowannensu ya yi shekaru yana karatun murya a makarantar kiɗa, ya ci jarrabawar shiga mai tsanani, kuma da waƙar yake ciyar da iyalinsa. Da safe yakan tafi bita kamar yadda akawu ke tafiya ofis, ƙarshen wata ya karɓi albashi. Su ma sukan rera wannan Simfoni ta Tara, kuma idan suka buɗe baki, da wuya kunne ya sami abin kushewa.

To, su wa suka fi cancanta da irin wannan waƙa? Gardama ce da ta daɗe tana raba kan masu sha'awar kiɗan gargajiyar Turai. Wasu sun ce aikin da ya kai wannan girma bai kamata a damƙa shi ga wanda ya wuni a kanti ko asibiti ya zo a gajiye ba. Wasu sun ce ai dama don irin waɗannan mutane aka rubuta shi. Na daɗe ina sauraron waɗannan manyan ayyuka, tun ana jin su a kaset da rediyo har zuwa yau da intanet ta kawo su tafin hannu, kuma ni dai ina tare da 'yan sa-kai. Waƙoƙin nan na jama'a ne, a bakin jama'a suka fi cika. Amma ina da sharaɗi biyu: a horar da su horo na gaske, kuma kada a fake da su a raba ƙwararru da abincinsu.

Bari in ɗan share wa mai karatu fage. Simfoni dogon tsararren kiɗa ne da ake rubutawa a takarda, rundunar makaɗa da kan kai mutum 80 ko 100 su kaɗa shi da goge manya da ƙanana, sarewa, ƙahonni da tambura, madugu guda yana tsaye a gabansu da 'yar sanda yana riƙe musu lokaci. A asalinta simfoni ba ta da murya. Beethoven ne ya yi fice wajen shigo da muryar ɗan Adam cikinta a 1824. Daga nan Berlioz, Mendelssohn, Brahms, Verdi, Mahler, Elgar da Britten suka yi ta tsara manyan ayyukan da suka haɗa rundunar makaɗa da taron mawaƙa, wasu simfoni ne, wasu addu'ar mamata, wasu labaran Littafi Mai Tsarki. Taron kan kasu gida huɗu: mata masu siririyar murya, mata masu kauri, maza masu tashi sama, da maza masu nauyin murya. A wajenmu 'yan amshi suna bayan mai waƙa ne, shi ne jigo. A nan kuwa taron ne ke ɗauke da nauyin waƙar, masu rera tilo su shiga su fita.

Tarihin waɗannan ayyuka shi ne hujjata ta farko. Ranar 7 ga Mayu 1824 da aka fara gabatar da Simfoni ta Tara a Biyana, mawaƙa da makaɗan gidan wasan ba su isa ba, sai da aka ƙaro masu sha'awa daga cikin mutanen gari. Cikakkiyar bita sau biyu kacal aka samu. Beethoven yana tsaye a dandamali alhali kunnensa ya riga ya mutu, har an ruwaito cewa sai da wata mawaƙiya ta juyo da shi sannan ya ga irin tafin da ake yi masa. Wato tun ranar da aka haifi wannan bakandamiya akwai muryar ɗan sa-kai a cikinta.

Bayan shekaru biyar, a 1829, wani matashi ɗan shekara 20, Felix Mendelssohn, ya tono babban aikin Johann Sebastian Bach a kan shan azabar Almasihu kamar yadda Matiyu ya ruwaito. Kusan shekaru 80 ke nan da rasuwar Bach, kuma duniya ta kusa manta aikin. Waɗanda suka rera shi a Balin 'yan wata ƙungiya ce ta mutanen gari da aka kafa tun 1791, masu haɗuwa su yi waƙa don ƙauna. Da ba su zauna sun sha wahalar koyonsa ba, Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da zai ƙara yi a cikin akwati. A Biyana ma ƙungiyar masoya kiɗa ta birnin ta kafa reshen mawaƙa a 1858, wanda ake kira Singverein. Har gobe 'yan sa-kai ne. Brahms ya jagorance su, kuma Herbert von Karajan, madugun da ya fi kowa suna a zamaninsa, ya shafe shekaru da dama yana ɗaukar fayafayansa da su, duk da cewa babu ƙwararrun da suka fi ƙarfin aljihunsa.

Sai babban misali. Ranar 12 ga Satumba 1910 Gustav Mahler ya gabatar da Simfoni ta Takwas a Munik. Masu shirya taron sun ƙirga mawaƙa 858 da makaɗa 171, har ɗan kasuwar da ya tallata wasan ya laƙaba mata suna simfonin mutum dubu, sunan da shi Mahler bai so ba. Daga ina aka samo wannan runduna? An ɗauko ƙungiyar Singverein daga Biyana, an ɗauko wata ƙungiyar mutanen gari daga Leipzig, sannan aka haɗa da yara 350 daga wata makarantar waƙa ta Munik. Mahler ya san sarai don wa yake rubutu. Babu wata ƙasa a lokacin, kuma babu a yau, da ke biyan mawaƙa 500 albashi don su jira ranar da za a buƙace su. Wata takwas bayan wannan dare Mahler ya rasu, kuma nasarar da ta fi kowace girma a rayuwarsa a kafaɗar 'yan sa-kai ta tsaya.

A Ingila abin ya ma fi shiga jinin talaka. A 1836 aka kafa ƙungiyar mawaƙa a Huddersfield, garin masaƙun ulu da ke yankin Yorkshire, kuma tana nan har yau. Abubuwa uku suka taru suka haifar da irinta a garuruwan masana'antu. Majami'u sun saba wa mutane da rera waƙa tare. Kamfanin ɗab'i na Novello ya fara buga takardun manyan waƙoƙi da araha, yadda ma'aikaci zai iya saye. Sannan wani malamin coci, John Curwen, ya yaɗa hanyar koyon waƙa ta do, re, mi, wadda ta sa wanda bai taɓa shiga makarantar kiɗa ba ya iya karanta muryarsa. Don bukukuwan irin waɗannan garuruwa Mendelssohn ya tsara aikinsa a kan Annabi Iliya, wanda aka fara ji a Birmingham a 1846, kuma a irin wannan biki aka fara jin aikin William Walton a kan liyafar Sarki Belshazzar, a Leeds a 1931.

Sai dai tarihi kaɗai ba ya yanke hukunci, kuma masu goyon bayan ƙwararru suna da magana mai nauyi. Beethoven bai tausaya wa maƙogwaro ba. A Simfoni ta Tara yakan ɗaga mata masu siririyar murya zuwa ƙololuwa ya bar su a can tsawon lokaci, ga rundunar makaɗa na ruri a ƙarƙashinsu. Muryar da ba ta sha horo ba takan gaji, idan ta gaji sai ta fara zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan, mai ita bai ma sani ba. Ƙwararre ya san yadda zai tara numfashi a ciki, ya saki murya ba tare da ya matse wuya ba, ya kai ƙarshen dare da ƙarfin da ya fara. Yana duba takarda ya rera nan take abin da ɗan sa-kai zai yi makonni yana tisawa. Ga kuma matsalolin da duk malamin mawaƙa ya sani: maza masu tashi sama kullum ƙaranci suke yi, murya tana tsufa kamar yadda jiki ke tsufa, kuma ba ƙaramin nauyi ba ne a ce wa wanda ya yi shekara 30 a ƙungiya lokacin hutawarsa ya yi.

Abin da ya sami Edward Elgar ya isa darasi. Ranar 3 ga Oktoba 1900 aka fara gabatar da babban aikinsa, mafarkin Gerontius, a Birmingham. Malamin da ke horar da mawaƙan ya rasu kwatsam ana cikin shiri, aka kira wani dattijo da ya riga ya ajiye aikin ya maye gurbinsa. Takardun waƙar sun iso a makare, shi kansa madugun, Hans Richter, bai sami cikakken rubutun ba sai dab da fara bita da makaɗa. Ranar wasa mawaƙan suka yi ta zamewa daga murya, wuraren da ke da wuya suka cakuɗe. Elgar ya koma gida da baƙin ciki mai tsanani. Sai da aka sake gabatar da aikin a Düsseldorf ta Jamus a 1901 da 1902, bayan shiri mai kyau, sannan duniya ta gane abin da ya rubuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ce ƙauna kaɗai ta isa a hau dandamali, ya tuna da wannan rana.

Akwai ma fagen da ban ga dalilin jayayya ba. Handel ya fara gabatar da waƙarsa ta Almasihu a Dublin a 1742 da 'yan mawaƙa kaɗan daga manyan majami'u biyu na birnin. Daga baya ne Turawan Ingila suka riƙa tara mata dubbai. Ƙananan ƙungiyoyin ƙwararru irin wadda John Eliot Gardiner ya kafa a 1964 sun nuna cewa ayyukan Bach da Handel sun fi fitowa tas a bakin mutum 20 ko 30 masu saurin harshe. Haka wasu ayyukan zamani. Addu'ar mamata da György Ligeti ya tsara, wadda aka fara ji a Stockholm a 1965, takan raba mawaƙa gida 20, kowane gida da tasa hanyar, babu wani amo da kunne ya saba da shi da mutum zai jingina. Wannan aikin masu sana'a ne, kuma babu kunya a faɗi haka.

Amma daga Beethoven zuwa Britten, lissafin daban ne, kuma a nan karin maganar nan ta sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi take da gurbi. Mutane sukan ɗauka amfanin yawa shi ne ƙara. Ba haka abin yake ba sosai, domin idan aka ninka yawan mawaƙa, ƙarar da kunne ke ji ɗan ƙaruwa take yi, kuma ƙwararru 60 na iya tsayawa gaban makaɗan da sai an tara 'yan sa-kai ninkinsu. Abin da yawa ke bayarwa shi ne kauri da faɗi. Murya 200 ba sa taɓa zama daidai wa daida. Wannan ta ɗan fi waccan haske, waccan ta ɗan fi duhu, sai bambance-bambancen su narke su zama amo guda mai zurfi wanda ba a jin kowa a cikinsa. Ƙwararre kuwa an horar da shi ne don a ji shi shi kaɗai har ƙarshen zaure, shi ya sa a wasu lokuta idan aka tara irinsu sai kunne ya riƙa tsintar muryoyi ɗaya-ɗaya. Sannan a babban taro mutane sukan ja numfashi a lokuta mabambanta, don haka dogon baiti kan tafi ba yankewa, kamar kogi.

Inda wannan ya fi bayyana shi ne wajen sassauta murya. A Simfoni ta Biyu ta Mahler, mawaƙa kan zauna shiru fiye da awa guda ana kiɗa. Idan lokacinsu ya yi, sukan shigo ne da murya ƙasa-ƙasa, kamar raɗa, makaɗa sun yi tsit. Raɗar mutum 30 raɗa ce kawai. Raɗar mutum 200 kuwa takan cika zaure kamar iskar da ke gaban hadari, mutum ya ji ta a ƙirjinsa kafin ya tantance kalmomin. Da madugu Claudio Abbado ya tashi gabatar da wannan aiki a Lucerne ta Suwizalan a 2003, ya tara zaɓaɓɓun makaɗa daga manyan rundunonin Turai, amma mawaƙan da ya kira su ne Orfeón Donostiarra, 'yan sa-kai daga San Sebastián ta Sifaniya, ƙungiyar da ke nan tun 1897. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin taron Maulidi ana rera Ishiriniya, ko cikin majami'a da ta cika maƙil ranar Kirsimeti, ya san abin da muryar taro ke yi wa zuciya, kuma ya san mutum goma, komai iyawarsu, ba za su ba shi wannan ba.

Yawan ma yana da iyaka. Amo tafiya yake yi, kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, don haka a taro irin na Osaka muryar na nesa takan iso bayan ta na kusa, kalmomi su ɗan dushe. Mai neman tsabtar aiki ba can zai je ba. Abin da ke kai mutane can wani abu ne daban, kuma shi ne hujjata mafi ƙarfi. Me waɗannan waƙoƙi ke faɗa? Baitocin Friedrich Schiller da Beethoven ya ɗauka kira ne ga 'yan Adam su zama 'yan'uwa. Brahms ya tsara addu'arsa ta mamata bayan rasuwar mahaifiyarsa, don ta'aziyya ga waɗanda aka bari. Britten ya tsara tasa don buɗe sabuwar majami'ar Coventry a 1962, kusa da kangon tsohuwar da bama-baman yaƙin duniya na biyu suka rushe. Dukkansu maganar jama'a ce. Idan likita da tela da ɗaliba da tsohon soja suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna rera kiran 'yan'uwantaka, mai kallo yana ganin abin da ake faɗa da idonsa. Ba na cewa ƙwararre ba shi da zuciya. Amma shi wannan ne wasansa na goma a wata, gobe akwai wani. Matar da ta yi wata huɗu tana barin gida kowane daren Litinin don wannan dare guda, da dukkan ranta take rerawa, kuma ana ji.

Japan ma ta wannan ƙofa waƙar ta shige ta. Fursunonin yaƙi Jamusawa da ke tsare a sansanin Bando ne suka fara gabatar da Simfoni ta Tara cikakkiya a ƙasar, ranar 1 ga Yuni 1918, kuma da yake babu mata a sansanin, maza ne suka rera duka. Yau waƙar ta zama al'adar ƙarshen shekara a faɗin ƙasar, kuma ƙungiyoyin mutanen gari ne ke riƙe da ita.

Sai mu zo kan sharaɗina na farko. Duk ƙungiyar 'yan sa-kai da ta yi suna a duniya, idan aka bincika, akwai ƙwararre mai tsanani a gabanta. A 1957 Walter Legge ya kafa ƙungiyar mawaƙa ta Philharmonia a Landan domin madugu Otto Klemperer ya gabatar da Simfoni ta Tara. 'Yan sa-kai ya tara, amma sai ya ɗauko Wilhelm Pitz, malamin mawaƙan bikin Bayreuth na Jamus, ya riƙa zuwa yana horar da su, kuma cikin ƙanƙanin lokaci suka shiga sahun gaba a Turai. A Atlanta ta Amurka, Robert Shaw ya kafa tasa a 1970, mutum wajen 200, babu mai karɓar ko sisi. Shaw yakan hana su furta kalmomin waƙa tukuna, ya sa su rera ta da ƙirge, ɗaya, biyu, har sai lokaci ya zauna a jikinsu, sannan a zo kan murya, sannan a zo kan harshe. Bayan bita yakan rubuta musu wasiƙu yana nuna inda aka yi daidai da inda aka kauce. Ƙungiyar ta ci lambobin Grammy da dama, kuma bayan rasuwarsa rundunar makaɗan Balin, wadda ke da ƙwararrun mawaƙa a cikin garinta, ta gayyace su har sau uku tsakanin 2003 da 2009.

A irin waɗannan ƙungiyoyi ba a shiga sai an gwada murya, kuma bayan 'yan shekaru a sake gwadawa. Wanda ya yawaita fashin bita ba ya hawa dandamali. Ana kawo mai gyara lafazin Jamusanci ko Latin. Abin da ya raba su da ƙwararru albashi ne da lokaci: abin da waɗancan za su gama a kwana huɗu, su sai sun yi wata biyu ko uku. Kuma wannan jinkiri yana da nasa alheri, domin wanda ya kwana da waƙa wata uku ya san ta kamar yunwar cikinsa.

Sharaɗi na biyu ya shafi kuɗi, kuma nan ne nake jin tsoron a ɗauki maganata a yi ɓarna da ita. A watan Maris na 2023 BBC, wadda muke sauraron sashenta na Hausa, ta ba da sanarwar rufe ƙungiyar mawaƙanta, BBC Singers, saura shekara guda ta cika 100 da kafuwa. Gurabe 20 ne kacal, kuma ita kaɗai ce irinta a Birtaniya da mawaƙa ke aiki na dindindin. Aka yi ca a kan hukumar, mutum fiye da 100,000 suka sa hannu a takardar koke, cikin masu kukan har da ƙungiyoyin 'yan sa-kai. Kafin watan ya ƙare BBC ta janye. A San Francisco ta Amurka kuma, inda ƙungiyar mawaƙa ta rundunar makaɗan birnin ta ƙunshi masu albashi 32 da 'yan sa-kai fiye da 100, hukumar ta nemi zaftare kaso mai yawa na abin da ake kashewa a kan masu albashin. A watan Satumba na 2024 suka shiga yajin aiki, aka soke gabatar da addu'ar mamata ta Verdi da aka shirya.

Me ya sa 'yan sa-kai za su yi kuka don an taɓa ƙwararru? Saboda sun san inda ƙarfinsu yake fitowa. Ƙwararren nan shi ne malamin muryarsu. Shi ne ke tsayawa a tsakiyar sahu ya riƙe amo lokacin da na gefensa suka fara zamewa. Shi ne ke fara rera sabon aiki mai wuya har kunnuwa su saba, daga baya ya sauko hannun jama'a. Idan matashi mai baiwa ya ga babu abinci a waƙa, ba zai shiga makarantar kiɗa ba, kuma nan da shekara 20 babu wanda zai horar da kowa. Hukumar da ke biyan mai goge da mai ƙaho albashi, ta zo kan mai murya ta ce ai akwai masu yi kyauta, ba son jama'a ne ya motsa ta ba, araha take nema, kuma araha ba ta ado. Tsarin da ya haɗa ginshiƙin ƙwararru da taron 'yan sa-kai, kowa da haƙƙinsa, a ganina shi ne ya fi dacewa da birnin da ke da hali.

Wannan magana ta iso nahiyarmu. A Kinshasa, wani matuƙin jirgin sama da ya rasa aikinsa, Armand Diangienda, ya kafa rundunar makaɗa da mawaƙa ta cocin Kimbangu a 1994. Sun fara ne da kayan kiɗa 'yan ƙalilan da ake karɓa-karɓa, wasu ma da hannu aka sassaƙa su, idan tsirkiyar goge ta tsinke a sa wayar birkin keke. Masu sana'o'in hannu ne da 'yan kasuwa, su wuni neman abinci, da yamma su taru bita ko da wuta ko babu. Fim ɗin da aka yi a kansu a 2010 ya nuna su suna fama da lafazin Jamusanci har suka rera Simfoni ta Tara a fili a gaban mutanen garinsu. Da an ce sai ƙwararru kaɗai ke da izinin taɓa wannan waƙa, da mutanen Kinshasa ba su ji ta daga bakin 'ya'yansu ba.

Mu ma a nan gida muna da irin wannan arziki. Hanyar do, re, mi da ma'aikatan masaƙun Ingila suka koyi waƙa da ita, ita ce 'yan mishan suka kawo, kuma da ita kwayoyin majami'u da yawa ke koyo har yau. A Jos, Kaduna, Yola da sauran garuruwa, 'yan kwaya da matan Zumunta suna fita bita mako-mako ba tare da an biya su ba, suna rera waƙa da Hausa murya daban-daban a haɗe. A Legas cibiyar MUSON, wadda ƙungiyarta ta kafu a 1983, tana da makaranta da mawaƙa da makaɗa. Muryoyi akwai su, ƙwazo akwai shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamin da ya yi karatun abin sosai, wanda za a biya shi ya zauna da su shekara da shekaru.

Hukuncina ke nan. Ayyukan Bach da Handel da na zamani masu sarƙaƙiya, a bar wa ƙwararru su yi jagora. Manyan bakandamiyoyin Beethoven, Brahms, Verdi, Mahler, Elgar da Britten kuwa, a bar su a bakin jama'ar da aka rubuta su dominsu. Duk mai riƙe da ƙungiyar mawaƙa, a Landan yake ko a Jos, ya nemo musu malami na gaske, ya ba su isasshen lokacin bita, ya gwada murya ba sani ba sabo, ya kuma biya masu sana'ar haƙƙinsu cikakke. Idan aka yi haka, ɗan sa-kai zai hau dandamali da kansa a sama, mai sauraro kuma ya sami abin da ya zo nema.